L. Frank Baum da Ƙasar Oz

An haifi Lyman Frank Baum a shekarar 1856 a garin Chittenango, cikin jihar New York ta Amurka. Tun yana saurayi yake son wasan kwaikwayo, amma ya daɗe bai sami sana'ar da ta karɓe shi ba. Ya yi kiwon kaji, ya buɗe kanti a Dakota kantin ya karye, ya kuma buga jarida ita ma ba ta ɗore ba. A 1891 ya ƙaura da iyalinsa zuwa Chicago.

A can ne, a shekarar 1900, ya wallafa littafin The Wonderful Wizard of Oz. Labarin wata yarinya ce, Dorothy, wadda guguwa ta ɗauke ta daga Kansas ta kai ta wata ƙasa ta al'ajabi. A hanya ta haɗu da mutum-mutumin gona mai neman ƙwaƙwalwa, da mai saran itace na gwangwani mai neman zuciya, da zaki matsoraci. Littafin ya sami karɓuwa ƙwarai, har Baum ya rubuta littattafai 14 a kan ƙasar Oz.

Sai dai babban burinsa shi ne yara su ga Oz da idanunsu. A 1908 ya zuba dukiyarsa a wani wasa da ya haɗa majigi da 'yan wasa a kan dandamali, shi kansa yana ba da labarin. Kuɗin da aka kashe ya fi abin da aka samu, kuma a 1911 ya faɗa cikin karayar arziki. Duk da haka bai haƙura ba. A 1914 ya kafa kamfanin fim a Hollywood, amma kamfanin bai yi nisa ba ya rufe. Baum ya rasu a 1919, burinsa bai cika ba.

Bayan rasuwarsa ne abin ya tabbata. Fim ɗin MGM na 1939 ya shahara, sai dai littafi ɗaya kawai ya ɗauka. A 1961 aka fara nuna gajerun katun na Oz a talabijin. Daga 1986 zuwa 1987 kuma Japanawa suka yi jerin katun mai kashi 52, wanda ya bi labarin littattafai huɗu.

Katun ya dace da Oz saboda dalilai biyu. Mai zane yana iya sa gwangwani ya yi tafiya, zaki ya yi magana, ba tare da tsadar da ta karya Baum ba. Talabijin kuma yana kawo labari mako-mako, kamar yadda littattafansa suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, yara suna ɗokin jiran na gaba.