Ayuba Sulaiman Jallo, ɗan malamin Ɓundu da aka zana a Landan

A ƙarni na 18, ƴaƴan sarautar Turai kan zauna gaban mai zane ya yi musu hoto da fentin mai, a rataye shi a gidan gado. In baƙar fata ya fito a irin wannan hoto, galibi bara ne a gefe, riƙe da linzamin doki. Ayuba Sulaiman Jallo kuwa shi kaɗai aka zana.

An haife shi wajen 1701 a Ɓundu, gabashin Senegal ta yau, a gidan Fulani malamai masu faɗa-a-ji. Wajen 1730 mahaifinsa ya aike shi bakin kogin Gambiya ya sayar da bayi biyu, ya sayo takarda. A hanyar komawa Mandinko suka kama shi, suka aske masa kai da gemu, suka sayar da shi ga kyaftin ɗin jirgin da ya taya bayinsa kwanaki kaɗan kafin nan.

Aka kai shi gonar taba a Maryland ta Amurka. Ya gudu, aka kulle shi. Wasiƙar da ya rubuta wa mahaifinsa da Larabci ce ta faɗa hannun James Oglethorpe a Ingila, aka fanshe shi, ya iso Landan a 1733. A can ya rubuta Alƙur'ani da ka har sau uku.

A shekarar ce William Hoare ya zana shi. Da farko Ayuba ya ƙi, don gudun shirka. Da ya yarda, sai ya kafa sharaɗin a zana shi cikin tufafin ƙasarsu. Hoare ya ce ba ya iya zana abin da bai taɓa gani ba, Ayuba ya tambaye shi yadda aka yi masu zanen Turai ke zana Allah. Hoton ya fito da farar riga, farin rawani, da jan littafi rataye a wuya. Wanda ya gan shi zai ɗauka wani malamin zaure ne na Gazawa ko Agye.

Ya koma gida a 1734, ya tarar mahaifinsa ya rasu, ɗaya daga matansa ta yi wani aure. Abin da ke da wuyar haɗiya shi ne ya ci gaba da hulɗa da Royal African Company, kamfanin cinikin bayi. Ya rasu a 1773.

Hukumar gidajen tarihi ta Katar ta sayi hoton a 2009, Birtaniya ta hana a fitar da shi, aka ba da aronsa ga National Portrait Gallery ta Landan.