Shehu Muhammadu Al-Kashinawi, Masanin Hisabi Da Aufaƙi

Daga cikin malaman ƙasar Hausa da sunansu ya kai Misira, kaɗan ne suka kamo ƙafar Shehu Muhammadu ɗan Muhammadu Al-Fulani Al-Kashinawi, mutumin Katsina. Ya ɗauki karatu wajen Shehu Muhammadul Wali na Bagarmi, ya shahara a nahawu da falaki da hisabi. Wajen 1730 ya tafi aikin Hajji, bai sake komowa gida ba.

A shekarar 1145 ta Hijira ya kammala littafinsa Bahjatul Afaƙ a kan ilmin aufaƙi, wato hatimi. Almajiri a Bebeji ko Ƙiru ya san hatimi mai gida tara, wanda ake zuba 1 zuwa 9 a cikinsa, ta duk inda aka haɗa a sami 15, a tsaye ko a kwance ko a karkace. Shehu ya zarce nan. Ya shimfiɗa ƙa'idar cika hatimin da adadin gidajen gefensa mara ne, kamar 5 ko 7 ko 9. A ganina wannan lissafi ne tsantsa, ko da yake mutanenmu sun fi kallonsa ta fuskar asiri.

Bayan Hajji ya sauka Alƙahira a gidan Shehu Hasan Al-Jabarti, babban masanin falaki, wanda ya zauna gabansa ya koyi aufaƙi. A gidan nan ya rasu a 1741, bayan ya bar wa mai masaukinsa wasiccin littattafansa. Ɗan mai gidan, Abdurrahman Al-Jabarti marubucin tarihin Misira, shi ya adana mana labarinsa. Allah ya ji ƙansa, amin.