Ambedkar: Yaron da aka hana taɓa randar makaranta, ya jagoranci rubuta kundin tsarin mulkin Indiya

An haifi Bhimrao Ramji Ambedkar ranar 14 ga Afrilu, 1891, a garin Mhow da ke tsakiyar Indiya, inda mahaifinsa yake aikin soja a rundunar Turawan mulkin mallaka. Shi ne ɗa na 14 a gidan. Danginsa 'yan Mahar ne, ɗaya daga cikin al'ummomin da tsarin rabon mutane bisa asalin haihuwa ya ajiye a can ƙasa, har ana ganin taɓa jikinsu ƙazanta ne. Su ne ake kira Dalit a yau.

Tun yana ƙarami ya ɗanɗana ɗacin wannan tsari. A makaranta, gefe guda yake zama a kan buhun da yake zuwa da shi daga gida. Idan ƙishirwa ta kama shi, ba shi da izinin taɓa abin ruwa, sai masinjan makaranta ya tsiyayo masa daga sama. Ranar da masinjan bai zo ba, haka zai wuni.

Duk da haka ya kammala digiri a Kwalejin Elphinstone ta Bombay a 1912. A 1913 Sarkin Baroda, Sayajirao Gaekwad, ya ɗauki nauyin karatunsa a Jami'ar Columbia ta Amurka. Daga baya ya samu digirin digirgir a fannin tattalin arziki a can da kuma a Landan, inda ya zama lauya. Amma ilimi bai wanke shi a idon jama'a ba, domin da ya je aiki a Baroda a 1917 masauki ya gagare shi, har ya bar garin.

Wannan ne ya tabbatar masa cewa ƙoƙarin mutum ɗaya ba zai rushe tsarin ba, dole sai doka ta shigo. A watan Maris na 1927 ya jagoranci dubban mutane zuwa tafkin Chavdar a garin Mahad, suka sha ruwan da aka haramta musu. A 1932 ya yi saɓani da Mahatma Gandhi kan shirin Birtaniya na bai wa Dalit damar zaɓen wakilansu su kaɗai. Gandhi, yana kurkuku, ya shiga yajin cin abinci don nuna ƙin amincewa. A ƙarshe Ambedkar ya sa hannu a yarjejeniyar Poona: ya haƙura da zaɓen ware, aka kuma ninka kujerun da aka keɓe wa mutanensa a majalisun larduna.

Da Indiya ta samu 'yancin kai ranar 15 ga Agusta, 1947, Firaminista Jawaharlal Nehru ya naɗa shi ministan shari'a, ko da yake ya daɗe yana sukar jam'iyyar Congress mai mulki. Makonni biyu bayan haka aka kafa kwamitin mutum bakwai na tsara daftarin kundin tsarin mulki, aka kuma zaɓe shi shugaba. Kwamitin ya ɗora aikinsa a kan daftarin farko na B. N. Rau, mai bai wa majalisar shawara, amma Ambedkar ne ya tsaya gaban wakilai yana kare sassan ɗaya bayan ɗaya.

Aikin ya zo a mawuyacin lokaci. An raba ƙasar, an cire Pakistan, jini ya zuba, miliyoyin mutane sun yi hijira, ga masarautu sama da 500 da ake son haɗewa. Manufar kundin ita ce ɗinke ƙasa mai harsuna da addinai barkatai, da mayar da kowane mutum cikakken ɗan ƙasa. Saboda haka aka kafa tarayya mai ƙaƙƙarfar gwamnatin tsakiya. An bai wa duk wanda ya kai shekara 21 ƙuri'a, mace ko namiji, mai ilimi ko marar shi. Sashe na 15 ya hana nuna bambanci saboda addini, jinsi ko asali. Sashe na 17 ya soke al'adar ƙyamar taɓa wasu mutane, ya mai da aiki da ita laifi. Sashe na 32, wanda ya ɗauka a matsayin ruhin kundin, ya ba ɗan ƙasa damar zuwa Kotun Ƙoli kai tsaye idan an tauye masa haƙƙi.

Majalisar ta amince da kundin ranar 26 ga Nuwamba, 1949, da sassa 395, ya fara aiki ranar 26 ga Janairu, 1950. A jawabinsa na ƙarshe a majalisar ya yi gargaɗi cewa kyawun kundi yana hannun masu aiki da shi, kuma daidaito a rumfar zaɓe ba zai ɗore ba muddin babu shi a zamantakewa da arziki.

Bai daɗe ba ya ga abin da ya hango. A 1951 ya ajiye muƙaminsa bayan an yi ta jan ƙafa kan ƙudurin da zai ba matan Hindu haƙƙin gado da na neman saki. A babban zaɓen farko kuma ya faɗi takara a Bombay. Ranar 14 ga Oktoba, 1956, ya karɓi addinin Buddha a Nagpur tare da dubun dubatar mabiyansa. Ya rasu a Delhi ranar 6 ga Disamba na wannan shekara, yana da shekara 65.

A 1990 gwamnatin Indiya ta karrama shi da Bharat Ratna, lambar yabo mafi girma ta ƙasar. Har yau ana samun rahotannin cin zarafin Dalit, amma kundin da ya jagoranci rubutawa shi ne abin da suke riƙewa su shiga kotu. Shi ya sa mutum-mutuminsa da ke tsaye a ƙauyuka da birane galibi yake rungume da littafin a hannu.