Reginald Fessenden (1866–1932): Mutumin da Ya Gyara Kunnen Wayar Iska

Idan aka yi zancen wayar iska, sunan Markoni ne ke fara faɗo wa mutane a rai. To amma aika saƙo daban, kama shi daban. Wannan ɗan rubutu zai yi tsokaci ne a kan wani masani wanda ya duƙufa wajen gyaran akwatin da ke kama saƙon tangaraho.

An haifi Reginald Fessenden ran 6 ga Oktoba, 1866, a lardin Kubek na ƙasar Kanada. A 1886 ya kama aiki a kamfanin Thomas Edison a Amurka, daga bisani ya koyar da ilmin lantarki a jami'a. A 1900 Hukumar Duba Yanayi ta Amurka ta ɗauke shi domin ya binciki aika labari ta iska.

A wancan zamani abin da ake kama saƙo da shi wata 'yar kwalba ce mai garin ƙarfe a ciki. Saƙo na isowa sai garin ya manne, kuma dole a ƙwanƙwasa kwalbar ya warware kafin ta karɓi na gaba. Ga shi ba ta bambance saƙo da tartsatsin walƙiya. Fessenden ya ga ba a dogara ga irin wannan. A 1903 ya ƙago na'ura mai siririyar wayar filatinam wadda bakinta ke taɓa ruwan asid. Ita ba ta bukatar ƙwanƙwasa, ma'aikaci yana jin saƙo a kunnensa kai tsaye.

Babbar hikimarsa ita ce dabarar hetarodain, wadda aka yi masa rajistarta a 1902. Igiyar rediyo tana kaɗawa da saurin da kunne ba ya iya ji. Sai ya kawo shawarar a gama ta da wata igiyar wadda saurinta ya ɗan bambanta. Alal misali, idan ɗaya tana kaɗawa sau 100,000 a daƙiƙa, ɗayar sau 101,000, rarar 1,000 ita ce ke fita kamar fito, a ji doguwar alama da gajera sarai. Sai dai dabarar ta riga lokacinta, don ba ta yi amfani sosai ba sai bayan shekara goma, da aka sami kwalbar lantarki mai ba da igiya tsayayya.

A Janairun 1906 ya yi musayar saƙon tangaraho tsakanin Amurka da Sikotilan, amma a Disamba guguwa ta kayar da hasumiyar Sikotilan. A 1911 masu jarin kamfanin suka sallame shi, aka shiga shari'a iri-iri a kan haƙƙinsa, ba a sasanta ta ƙarshe ba sai 1928. Ya rasu a tsibirin Bamuda ran 22 ga Yuli, 1932.

A kan tubalinsa ne Edwin Armstrong ya gina nasa tsarin a 1918, wanda aka ƙera yawancin akwatunan rediyo na ƙarni na ashirin a kansa. Ashe duk mai murɗa rediyo ya ci moriyar wahalar Fessenden, ko bai taɓa jin sunansa ba.