Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Lafiyar Jama'a

An haifi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu cikin 1781. Shi ya ja rundunar da ta ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, kusa da Sabon Birni na yanzu, cikin 1808, kana ya zama Sarkin Musulmi cikin 1817. Ban da sarauta da yaƙi, masani ne a fannin magani, har ya wallafa littattafai a kan ciwon ido da basur. Shari'ar Malikiyya wadda alƙalansa suka yi hukunci da ita ta hana mutum ya cuci maƙwabcinsa da hayaƙi ko warin majema, tun ba a san dokokin tsabtar gari na zamani ba. Ya rasu a Wurno cikin 1837.