Tunawa da Alhaji Mamman Shata, mawaƙin da ke kwance a Daura

Jama'ar Sassumbrum, Magarya da Dungas, da ƴan uwa da ke ci-rani a Kano, Agadas ko Libiya, yau za mu waiwayi rayuwar mutumin da da wuya a sami gidan da muryarsa ba ta shiga ba: marigayi Alhaji Mamman Shata Katsina.

An haife shi a Musawa, ƙasar Katsina, a 1923. Gidansu ba gidan roƙo ba ne, shi ya sa mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ya bi kiɗa ba. A wancan zamani waƙa sana'ar gado ce. Wanda bai gada ba in ya ɗauka, ya jawo wa dangi abin faɗa. Shata ya yi karatun allo, ya yi tallan goro da alewa, yana waƙa a dandali don nishaɗi kawai. Da abin ya fi ƙarfinsa sai ya riƙe shi sana'a, daga baya ya zauna a Funtuwa.

Kayan aikinsa kalangu ne da ƴan amshi. Ba ya rubuta waƙa. A tsaye yake ƙera ta gaban jama'a. Ya yi wa sarakuna da attajirai, ya yi wa direbobi da manoma da mata. A Bakandamiya ya wasa kansa. Da Amurkawa suka sauka kan wata a 1969, ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa, har ɗan ƙauye ya san labarin. Amma fa bakinsa kaifi biyu ne: wanda ya yaba ya ɗaukaka, wanda ya yi wa zambo ya rasa inda zai sa kansa.

A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin dakta na girmamawa. Yaron da aka hana waƙa, ga shi malaman jami'a na nazarin waƙoƙinsa.

Ya rasu a Kano ranar Juma'a 18 ga Yunin 1999. An binne shi a Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar, nan ƙetaren iyaka kusa da mu.

Har yau ba a san adadin waƙoƙinsa ba, wasu kuma sai a tsofaffin kaset. Wanda ke da su cikin adaka, don Allah ya sa yara su kwafe a waya kafin zafi da ƙura su cinye. Allah ya jiƙan Shata, amin.