Dakta Ralph Bunche: Malamin da ya Koma Aikin Sulhu

A lokacin da muka fita gwajin koyarwa, wasu yara biyu na ajina suka yi faɗa a kan kwalbar tawada. Na tsai da su gaban aji na ce lalle su gaisa nan take. Suka miƙa wa juna hannu, fuska a murtuke, da aka tashi kuwa suka ƙarasa faɗansu a bayan makaranta. Tun ran nan nake neman labarin mutanen da raba faɗa ya zama sana'arsu, kuma wanda ya fi shiga raina shi ne Dakta Ralph Bunche, baƙar fata na Amurka, domin shi ma da alli ya fara.

An haife shi a birnin Detroit cikin shekara ta 1904. Ubansa mai aski ne. Uwarsa ta rasu a 1917, sai kakarsa ta kwashe shi da ƙanwarsa zuwa Los Angeles, ita ta riƙe su. Yana karatu yana aikin ƙwadago, har da shara, duk da haka shi ya zo na fari a makarantarsu ta sakandare. Da ya gama jami'a a 1927, baƙaƙen fata na garin suka haɗa masa gudummawar dala 1,000 don ya wuce jami'ar Harvard. A 1928 ya kama koyarwa a jami'ar Howard da ke Washington. Ya zo ƙasashen maƙwabtanmu, Togo da Dahomey (wadda ake kira Benin yanzu), ya duba yadda Faransawa ke mulkinsu, kuma da wannan bincike ya sami digirin dakta a 1934. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1946, ya shiga aikin Majalisar Ɗinkin Duniya, aka ba shi sashen da ke kula da ƙasashen amana, watau waɗanda ake riƙo kafin su sami mulkin kai.

To, a 1948 yaƙi ya ɓarke a Falasɗinu tsakanin sabuwar ƙasar Isra'ila da ƙasashen Larabawa. Majalisa ta naɗa Folke Bernadotte, wani ɗan gidan sarautar Suwidin, ya shiga tsakani, Bunche yana mataimakinsa. Ran 17 ga Satumba, a Urushalima, watau Birnin Ƙudus, 'yan wata ƙungiyar Yahudawa masu ɗauke da makamai suka tare motarsa suka harbe shi. Da Bunche yana cikin motar nan, amma an ɓata masa lokaci a hanya wajen duba takardu, bai iso ba. Wani hafsan Faransa, Kanar Serot, shi ya zauna kusa da Bernadotte, shi ma aka kashe shi. Haka aikin ya faɗo kan Bunche.

Cikin Janairu 1949 ya tara wakilan Masar da na Isra'ila a tsibirin Rodas, cikin Bahar Rum, ya sauke su a masauki ɗaya. Da fari ko gaisuwa ba ta haɗa su. Abin da ya yi a nan shi ne ya sa na tuna da yarana biyu, kunya ta kama ni. Bai tsai da su gaban duniya ya ce su gaisa ba. Yakan zauna da waɗannan su kaɗai, ya saurara har su gaji da magana, sa'an nan ya koma wurin waɗancan. In ya ji wata 'yar ƙaramar magana da duka biyu za su iya yarda da ita, ko da jerin abubuwan da za a tattauna ne kawai, sai ya rubuta ya kawo a amince. Dabararsa ita ce su saba da cewa i a kan ƙananan abubuwa kafin a kai ga manya, irin su inda sojan kowa zai tsaya a hamadar Negeb. Da dare, bayan kowa ya kwanta, shi yana zaune yana sake tsara kalmomi, don a sami lafazin da kowane wakili zai kai gida ba tare da an ce ya sha kaye ba.

Ba kullum yake lallashi ba. Waɗanda suka halarta sun ba da labari cewa ya sa an yi faranta na tangaran, na tunawa da taron. Da magana ta cije, ya kira su ɗakinsa ya nuna musu, ya shaida musu cewa in an sa hannu kowa zai tafi gida da nasa, in kuwa an ƙi, to, a kawunansu zai farfasa su. Aka yi dariya, aka koma kan tebur. Ran 24 ga Fabrairu Masar da Isra'ila suka sa hannu a kan ajiye makamai, bayan mako 6. Labanan ta bi ran 23 ga Maris, Urdun ran 3 ga Afrilu, Siriya ran 20 ga Yuli.

A 1950 aka ba shi kyautar Nobel ta zaman lafiya, shi ne baƙar fata na farko da ya samu. Har ya so ya ƙi karɓa, don a ganinsa ma'aikacin Majalisa aikinsa ya yi, sai da shugabansa Trygve Lie ya matsa masa. Abin mamaki, mutumin da ya zaunar da ƙasashe, a ƙasarsu akwai gidajen abinci da ba za a bar shi ya zauna ba. Shugaba Truman ya yi masa tayin babban muƙami a ma'aikatar harkokin waje, ya ƙi, don ba ya son 'ya'yansa su tashi a Washington ƙarƙashin dokokin wariyar launin fata na wancan zamani.

Wani abokina a kwaleji ya ce mini wannan duk yabon banza ne, tun da yaƙi ya komo a 1956 da 1967, kuma Falasɗinawa kimanin 700,000 da suka rasa gidajensu takardun Rodas ba su mai da su ba. Gaskiya ce, ban musa masa ba. Takardun na tsai da harbi ne, sauran maganar an bar wa shugabanni, su kuwa ba su ƙarasa ba. Amma ni ina ganin uwar da ɗanta soja ya komo gida da rai a 1949 ba za ta kira aikin banza ba.

Bunche bai bar fagen ba. A rikicin mashigin Suwez na 1956 yana cikin waɗanda suka shirya rundunar farko ta Majalisa mai kiyaye zaman lafiya, soja wajen 6,000 daga ƙasashe dabam dabam. A 1960 aka aike shi Kwango, inda sojan Nijeriya ma suka yi aiki. Can abin ya yi masa wuya ƙwarai, shi da Lumumba ba su jitu ba, ya komo bayan 'yan makonni. A 1965, ga ciwon sukari ga ido ya fara raunana, ya shiga jerin gwanon Selma zuwa Montgomery tare da Martin Luther King don neman wa baƙar fata 'yancin jefa ƙuri'a. Ciwo ya sa ya ajiye aiki a 1971, ya rasu a New York ran 9 ga Disamba na shekarar, yana da shekara 67.